Amanar Wallafa da Adana Mujallun Ilimi: Nauyin da Ke Wuyan Manyan Makarantun Ƙasar Gumel

 

Mujallar ilimi ita ce littafin da wata jami'a ko kwaleji ko ƙungiyar masana take fitarwa lokaci bayan lokaci, mai ɗauke da maƙalu, wato rubutattun sakamakon bincike, waɗanda ba a buga su sai wasu masana na fannin sun duba su sun amince da ingancinsu. Magana biyu ake yawan yi a kanta, kuma an saba yin su a zaure daban-daban. Ta farko ita ce ɗa'ar wallafa, wato ƙa'idojin gaskiya da adalci da suka hau kan marubuci da edita da mai tantancewa. Ta biyu kuwa ita ce adana abin da aka buga ta yadda mai nema zai same shi bayan shekara 30 ko 50. Wannan lacca ta tsaya a kan cewa maganar ɗaya ce, domin maƙalar da ta ɓace ba mai iya komawa ya bincika gaskiyarta, ba mai iya gyara kuskurenta, ba kuma mai iya kama wanda ya sace ta, saboda haka editan da ya buga mujalla bai tanadi inda za ta zauna ba, rabin amanar da aka ba shi kawai ya sauke.

Tarihin garin Gumel kansa ya isa misali. A watan Maris na 1851 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta abin da ya gani na garin da kasuwarsa da cinikin kanwa da ake yi a cikinta, aka buga littafin tafiyarsa a Turai a 1857 da 1858. Yau, bayan fiye da shekara 160, ɗalibi a Maigatari ko Sule Tankarkar yana iya buɗe wayarsa ya karanta wannan bayani kyauta, saboda ɗakunan karatu da yawa sun ajiye littafin, daga baya kuma aka ɗauki hotonsa shafi-shafi aka zuba a intanet. Amma idan wannan ɗalibi ya nemi maƙalar da wani malamin kwaleji ɗan ƙasar ya rubuta shekara 20 da suka wuce a kan farashin gero a kasuwannin ƙasar Gumel, ko a kan karin harshen Mangawa, ko a kan karatun allo a Gagarawa, sau da yawa sai ya yi ta yawo daga ofis zuwa ofis, a ƙarshe a ce masa sai ya nemi marubucin ko magadansa. Abin takaici ne a ce shaidar baƙo mai wucewa ta fi ta ɗan gida daɗewa, alhali ba zurfin sani ya ba ta wannan rinjaye ba, tanadin adanawa ne.

Yankin nan kuwa ba ya rasa abin da ya cancanci a rubuta a ajiye. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, inda shanu da raƙuma da tumaki da awaki suke shigowa daga Jamhuriyar Nijar da ƙasashen da ke bayanta su gangara har kudancin Nijeriya. Garin kuma matattara ce ta riɗi da zoɓo da ake fitarwa ƙasashen waje. Ga kwararowar hamada da aikin dashen itatuwa, ga zaman manoma da makiyaya, ga batun filayen noma a Gagarawa, ga abin da rufe iyakar Nijeriya da Nijar a 2019 da kuma a 2023 ya yi wa ciniki da zumunci tsakanin mutanen da harshensu da addininsu da auratayyarsu ɗaya ne. Waɗanda suka fi kowa kusa da waɗannan al'amura su ne malaman Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, da na Jami'ar Tarayya ta Dutse wadda aka kafa a 2011, da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa wadda aka kafa a 2013, da na kwalejojin kimiyya da fasaha na Kazaure da Haɗeja. Manyan mujallun Turai da Amurka ba kasafai suke karɓar bincike a kan ƙauye ɗaya ko kasuwa ɗaya ba, don haka mafi yawan abin da aka sani game da ƙasar nan yana kwance ne a ƙananan mujallun tsangayoyi da sassa, waɗanda ake buga kwafi kaɗan a raba wa marubuta, a wuce wurin.

Amfanin irin wannan rubutu ba ya bayyana sai an jera na shekaru da yawa. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya bi rayuwar manoman ƙauyen Dagaceri, a arewa maso gabashin Jihar Jigawa ta yau, tun daga farin shekarun 1970 har cikin shekarun 1980, ya fitar da littafi a 1989 da ya nuna dabarun da talakawa suke bi su tsira idan damina ta gaza, aikin da ya sauya ra'ayin masana da dama game da manomin Sahel. Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne bayanan shekara da shekaru da aka ajiye ba tare da yankewa ba. Duk mai son sanin ko ruwan sama yana raguwa a Maigatari, ko amfanin gona yana ƙaruwa, ko yaran da ke kammala firamare suna iya karatu fiye da na da, dole ya koma ga abin da na gabansa suka auna suka rubuta, idan kuwa wannan ya ɓace, kowane sabon mai bincike sai ya fara daga tushe kamar ba a taɓa yin komai ba.

Ɗa'ar wallafa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ko da yake sunayen da ake kiran sassanta a yau sababbi ne. Malaman Musulunci sun gina ilimin hadisi a kan isnadi, wato jerin mutanen da magana ta bi ta hannunsu har ta iso, suka kuma kafa fanni guda na auna amana da ƙarfin haddar kowane mai ruwaya, kafin a karɓi abin da ya faɗa. A zaurukan karatu na ƙasar nan malami yakan ba ɗalibi ijaza, izinin karantar da littafi, tare da ambaton wanda shi ma ya karɓa daga gare shi, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum don lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Mai kwafar littafi da hannu yakan rufe aikinsa da sunan mawallafi, sau da yawa da nasa sunan da na wanda aka yi wa kwafin. Wannan al'ada ta haɗa abubuwan nan biyu a wuri ɗaya, domin ta jingina magana ga mai ita, ta kuma yawaita kwafi a garuruwa daban-daban, shi ya sa Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda aka rubuta a 1812, ya iso wannan zamani duk da yaƙe-yaƙe da gobara da gara.

Mujallar ilimi irin ta zamani ta faro ne a 1665, a Faransa da Ingila, ta iso arewacin Nijeriya tare da jami'o'i: Kano Studies ta fara fitowa a 1965 daga Kwalejin Abdullahi Bayero, Harsunan Nijeriya ta biyo baya a farkon shekarun 1970 daga cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Kano, Savanna kuma ta fito daga Jami'ar Ahmadu Bello a 1972. Ginshiƙin irin wannan mujalla shi ne tantancewar masana, wato edita ya aika maƙala ga masani biyu ko fiye na fannin, galibi ba tare da sun san marubucin ba, shi ma bai san su ba, su duba hanyar binciken da hujjojinsa, su ba da shawarar a karɓa, ko a gyara, ko a mayar. Matsayin edita a nan ya yi kama da na dillali a karar shanu ta Maigatari, wanda mai saye daga Legas yake miƙa kuɗinsa bisa amincewa da shaidarsa cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma idan magana ta taso bayan wata uku an san inda za a same shi. Ranar da aka gane yana shaidar abin da bai bincika ba, ranar ce la'adarsa ta ƙare, kuma sunan kasuwar ma ya taɓu.

Abin da ya fi jijjiga wannan ginshiƙi a makarantun ƙasar nan shi ne yadda aka ɗaura ƙarin girman malami a kan yawan maƙalun da ya buga. Manufar tana da kyau, domin malamin da ba ya bincike iliminsa yakan tsaya, sai dai kwamitocin ƙarin girma sun fi samun sauƙin ƙirga maƙalu a kan karanta su, malami kuma yana fama da aji mai ɗaruruwan ɗalibai da albashin da ba ya kai ƙarshen wata, ba shi da kuɗin fita ƙauye ya tattara bayanai. A cikin wannan matsi ne wasu halaye suka zama ruwan dare har aka daina jin nauyinsu. Akan ji malami ya ce wa abokinsa ya saka sunansa a takardarsa, shi ma zai saka nasa a ta gaba, alhali ƙa'idar da editocin mujallun likitanci na duniya suka shimfiɗa, wadda sauran fannoni suka ara, ita ce ba a kiran mutum marubuci sai ya sa hannu sosai a tsara binciken ko nazarin bayanansa, ya shiga rubutun, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda a tuhume shi idan an sami matsala. Akan yanka bincike ɗaya gunduwa-gunduwa a fitar da maƙala huɗu daga abin da bai wuce ɗaya ba, akan aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu da ɗan sauyin take, akan kuma sa wa fitowar mujalla kwanan watan baya don ta shiga lissafin ƙarin girman wata shekara. Mafi muni a cikinsu shi ne mai duba kundin ɗalibi ya ciro babi ya buga da sunansa shi kaɗai, domin wannan zalunci ne a kan wanda ba shi da bakin kai ƙara, kuma darasin da ɗalibin zai fita da shi ke nan ya koyar da na bayansa.

Inda ake da masu neman bugawa ido rufe, masu cin riba ba sa nisa. Mujallun bogi su ne waɗanda suke karɓar kuɗin bugawa su fitar da duk abin da aka aiko musu ba tare da tantancewa ba, suna ƙawata shafukansu da sunayen farfesoshin da wasunsu ba su ma san an sa su ba, suna alkawarin takardar karɓa cikin kwana uku ko mako guda. A 2013 wani ɗan jarida masanin kimiyya, John Bohannon, ya ƙirƙiri maƙalar ƙarya a kan wani sinadari da wai yana maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da kowane masani zai gani, ya aika wa mujallu 304, sai 157 suka karɓe ta. Sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira kuwa ya yi su ne da kamannin na Afirka. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekara da shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu har ya rufe jerin a farkon 2017. An soki jerin nasa, kuma sukar tana da tushe, da cewa yakan haɗa mujallar ƙasa mai tasowa mai ƙarancin kayan aiki da mujallar 'yan damfara a kwando ɗaya. Mujallar tsangaya a Gumel ko Dutse da take karɓar kuɗi kaɗan don biyan maɗaba'a, tana kuma aika maƙalu ga masu tantancewa na gaskiya, ba ta bogi ba ce, ko da takardarta ba ta da kyau. Abin da zai raba ta da ta bogi a idon duniya shi ne ta bayyana ƙa'idojinta a fili, ta ajiye rahotannin masu tantancewa, ta kuma kasance ana samunta bayan shekaru.

Satar fasaha, wato ɗaukar kalmomi ko tunanin wani a gabatar da su kamar na kai, ita ce ta fi nuna yadda ɗa'a take dogara ga adanawa. Jami'o'i da yawa a Nijeriya sun wajabta a bi da kundi ko maƙala ta cikin manhajar gano sata kafin a karɓa, amma manhajar ba ta da wata hikima face kwatanta sabon rubutu da abin da ke cikin rumbunta, don haka duk maƙalar da ba ta taɓa hawa intanet ba, a wurinta babu ita. Wanda ya kwafe maƙala daga tsohuwar mujallar kwaleji da aka buga a takarda kawai zai wuce lafiya, haka ma wanda ya ɗauko aikin Ingilishi ko Larabci ko Faransanci ya mayar da shi Hausa ya sa sunansa. Marubutan da aka fi zalunta ta wannan hanya su ne na ƙananan makarantu da masu rubutu da Hausa, kuma kariyarsu mafi ƙarfi ita ce a fito da aikinsu fili da kwanan watansa, inda duk mai nema zai ga wanda ya riga. Manhajojin da ke rubuta maƙala da kansu sun ƙara wa lamarin nauyi, har kwamitin ɗa'ar wallafa na duniya, COPE, wanda editoci suka kafa a Ingila a 1997, ya fitar da matsaya a 2023 cewa irin wannan manhaja ba ta zama marubuciya, domin ba ta iya ɗaukar alhakin abin da ta rubuta, kuma wanda ya yi amfani da ita ya wajaba ya faɗa.

Akwai kuma haƙƙin mutanen da ake bincike a kansu, wanda mutanen tsohuwar Jihar Kano suka san zafinsa. A lokacin annobar sanƙarau ta 1996 an gwada maganin Trovan na kamfanin Pfizer a kan yara a Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an sa mata kwanan watan baya ne. Shari'ar ta kai ga sasantawa da Gwamnatin Jihar Kano a 2009. Editan da aka kawo wa bincike a kan marasa lafiya, ko almajirai, ko matan aure a ƙauyukan Sule Tankarkar, haƙƙinsa ne ya tambayi shaidar cewa an yi musu bayani da harshen da suke ji sun kuma yarda, ya ajiye wannan shaida a fayil ɗin mujalla.

Idan kuskure ko ha'inci ya bayyana bayan an buga, hanyar gyara ita ce janyewa, wato mujalla ta fitar da sanarwa cewa kada a dogara da maƙala kaza, ta faɗi dalili, ta bar maƙalar a wurinta da tambarin janyewa a kanta don kada wani ya sake faɗawa. Mujallar likitanci ta Lancet ta buga maƙala a 1998 da ta alaƙanta wata allurar rigakafin yara da wata lalurar ƙwaƙwalwa, iyaye da yawa a Ingila suka guji allurar, ƙyanda ta dawo, ba a janye maƙalar gaba ɗaya ba sai a 2010. Jinkirin ya yi ɓarna, amma an iya janyewar ne saboda mujallar tana nan, kundinta yana nan, masu bincike sun iya komawa su bi diddigi. Mujallar da ta fito sau uku ta mutu, ba ofis, ba fayil, ba magaji, duk kuskuren da ta shuka zai ci gaba da yawo a kundayen ɗalibai ba mai iya kiransa ya dawo. Wannan ne ya sa ƙa'idojin gaskiya da kyakkyawan aiki da COPE da kundin mujallun kyauta na DOAJ da wasu ƙungiyoyi biyu suka fitar tare a 2013 suka sa bayyana tsarin adanawa cikin sharuɗɗan mujallar kirki.

Abokan gabar takarda a wannan yanki sanannu ne: gara, da ɓera, da yoyon rufi da damina, da ƙurar hunturu, da zafin bazara da ke busar da takarda mai arha har ta riƙa karyewa a hannu. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa kowane mai wallafa ya kai kwafi 3 na abin da ya buga, gwamnatin jiha da hukumominta kwafi 10, gwamnatin tarayya da nata kwafi 25, kuma wannan ɗakin karatu ne yake ba da lambar ISSN, lambar shaida mai alƙaluma takwas da ke bambanta kowace mujalla da sauran. Editoci da yawa sun san hanyar zuwa karɓar lambar, domin kwamitin ƙarin girma yana tambayarta, amma kai kwafin kowace fitowa, wanda shi ne rabin da ya shafi al'umma, shi aka fi sakaci da shi. Ko babban ɗakin karatu ma ba shi da tabbas idan shi kaɗai ne: a Janairun 2013 an ƙone ko an kwashe rubuce-rubucen hannu kimanin 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba ta Timbuktu, mafi yawan sauran sun tsira ne don an riga an fitar da su a ɓoye zuwa Bamako, a Afrilun 2021 kuma gobarar daji ta cinye wani sashe mai daraja na taskar nazarin Afirka a Jami'ar Cape Town.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa sa mujalla a intanet ya kashe wannan magana, alhali shafin intanet ya fi takarda saurin mutuwa. Sunan shafi haya ce da ake sabuntawa kowace shekara, ma'ajiyar da ke riƙe da shi ma haya ce, sau da yawa da dala, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 wannan kuɗi ya yi wa ƙananan mujallu nauyi. Idan edita ya yi ritaya ko ya koma wata makaranta da kalmar sirrin shiga a kansa, ko aka yi shekara ba a biya ba, sai shafin ya rufe da duk abin da ke cikinsa. Wani bincike da Mikael Laakso da abokan aikinsa biyu suka buga a 2021 ya gano mujallu 174 na kyauta da suka ɓace ɗungurungum daga intanet tsakanin 2000 da 2019, kuma da yawansu na ƙasashe masu arziki ne. Lambar DOI, wadda ake liƙa wa kowace maƙala don a riƙa samunta ko adireshinta ya sauya, ita ma nuni kawai take yi zuwa inda maƙala take, ba ta ajiye ta. Martin Eve ya duba maƙalu fiye da miliyan 7 masu wannan lamba, ya ba da rahoto a 2024 cewa kusan kashi 28 cikin 100 ba sa cikin ko ɗaya daga manyan taskokin adanawa. Faifan CD da filashi da kwamfutar sakataren sashe kuwa ba a ma sa su a lissafi.

Mujallun da ake rubutawa da Hausa, irin su Algaita ta Kano, da Harshe ta Zariya, da Ɗunɗaye ta Sakkwato, suna da wata matsala ta daban da ta cancanci kulawa. Kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta dindindin, ya yaɗu, ana buga haruffa masu ƙugiya ne da zubin rubutu na musamman, irin su Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, suka kuma yi wa rubutun Hausa hidima mai yawa a lokacinsu. Sai dai fayil ɗin da aka rubuta da irin wannan zubi, idan aka buɗe shi a na'urar da ba ta da shi, sai haruffan ɓ da ɗ da ƙ su rikiɗe su koma wasu alamomi, injin bincike kuma ba ya gane kalmomin, don haka maƙalar tana intanet amma mai nema ba zai same ta ba. Mayar da tsofaffin fayiloli zuwa Unicode aiki ne da ɗaliban sashen Hausa za su iya yi cikin zango ɗaya idan an tsara shi, kuma yana daga cikin mafi arhar hidimar da za a yi wa harshen a yau.

Maganin da duniya ta samo bai bambanta da na masu kwafar littattafai na da ba, wato yawaita kwafi a hannun mutane daban-daban a wurare masu nisa da juna. Tsarin LOCKSS, wanda aka faro a Jami'ar Stanford a 1999, yana sa ɗakunan karatu da yawa su riƙe kwafin abu ɗaya, na'urorinsu suna kwatanta kwafin da juna suna gyara wanda ya lalace. CLOCKSS da Portico kuma taskoki ne da ke karɓar maƙalu su rufe, ba sa buɗe su sai ranar da mujallar ta mutu. Ga mujallar da ba ta da kuɗi, manhajar OJS ta gudanar da mujalla kyauta ce, masu ita kuma suna da taskar adanawa da mujalla mai lambar ISSN take shiga ba tare da biyan ko kwabo ba. Dandalin AJOL, wanda aka fara a 1998 kuma yake gudana daga Afirka ta Kudu, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawa a ciki, har da wasu na Jami'ar Bayero, yana kuma auna mujalla da ma'aunin ingancin aiki kafin ya karɓe ta. Saboda haka hujjar rashin kuɗi, ko da yake tana da gaskiya a wajen ɗaukar hoton tsofaffin fitowa da sayen na'ura da wutar lantarki, ba ta isa uzuri a wajen sababbin fitowa ba. Asusun TETFund ma yana tallafa wa buga mujallu a manyan makarantun gwamnati, kuma ya dace a ce shaidar adanawa ta zama sharaɗin sakin wannan tallafi.

Matsayin Maigatari a bakin iyaka ya buɗe wata ƙofa da ba a cika amfani da ita ba. Jami'ar André Salifou da ke Damagaram tana nazarin ƙasa ɗaya da ruwan sama ɗaya da hanyoyin kiwo ɗaya da waɗanda malaman Gumel suke nazari, sai dai da Faransanci, ƙarƙashin hukumar CAMES mai tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da wannan harshe. Musayar kwafin mujallu tsakanin ɓangarorin biyu, tare da taƙaitaccen bayanin kowace maƙala da Hausa, zai sa kowane ɓangare ya ga aikin ɗan'uwansa, ya kuma zama kwafi yana ajiye a wata ƙasa idan wani abu ya sami na gida.

Kiran wannan lacca yana zuwa ne ga shugabannin Kwalejin Ilimi ta Gumel da na sauran manyan makarantun Jigawa, da hukumominsu na ilimi. Mujalla ta zama mallakar makaranta a rubuce, da fayilolinta da kalmomin sirrinta da rahotannin masu tantancewa a hannun ɗakin karatu, ta yadda sauyin edita ba zai zama mutuwarta ba. Kowace fitowa a kai kwafinta Ɗakin Karatu na Ƙasa kamar yadda doka ta ce, a aika wani Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakunan karatun jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Damagaram, a kuma sa ta a taskar intanet da ba ta dogara ga aljihun mutum ɗaya ba. Kwamitocin ƙarin girma su rage ƙirga su ƙara karatu, su ƙi lissafa duk mujallar da ba ta iya nuna inda take ajiye abin da ta buga. Tsofaffin malamai da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuwa, ana roƙonsu su duba akwatuna da kantocin gidajensu, su miƙa wa ɗakin karatun kwalejin duk tsohuwar mujalla da kundin taro da suka samu a ɗauki hotonsu kafin damina mai zuwa, domin wasu daga cikinsu ba su da sauran kwafi a ko'ina sai wanda ke hannunsu.